Bin Sawun Dusar Ƙanƙara Zuwa Bakin Tekun Japan

Ƙanena yana karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Urasa, cikin lardin Niigata na ƙasar Japan, kuma tun shekarar da ya tafi hotunan da yake turo mana a hunturu suke tsaya mini a rai. Za ka ga an ajiye mota da yamma, da safe babu ita sai wani farin tudu. Za ka ga hanya ta ratsa tsakanin bango biyu na dusar ƙanƙara da suka fi mutum tsawo. Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare, saboda haka taswira na fara buɗewa. Niigata kusan layi ɗaya take da Tunis da Aljiyas, inda ake noman zaitun da lemo. Urasa kuwa kwari ne na manoman shinkafa, ba a kan wani dogon tsauni take ba. To daga ina wannan tuli yake zuwa? Da Allah ya ba ni ikon kai masa ziyara, da gangan na zaɓi watan Janairu, duk da mahaifiyarmu ta so in bari sai gari ya yi ɗumi.

A Tokyo na sauka, kuma can babu alamar komai. Sama shuɗiya tar, rana tana haskawa, iska a bushe har leɓe yana tsagewa. Ƙanena ya zo ya tarye ni, muka shiga jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, Shinkansen, a layin Joetsu da aka buɗe a 1982. Har muka ratsa lardin Gunma gonaki a bushe suke, ciyawa ta yi ja. Sai dai can gaba, a kan tsaunuka, wani girgije ya kwanta bai tsallako ba. Ya nuna mini shi ta taga ya ce, "Yaya, bayan wancan za mu." Daga nan jirgin ya shige ramin Daishimizu, wanda aka huda ta ƙarƙashin tsaunukan da suka raba Gunma da Niigata. Tsawonsa ya haura kilomita 22, kuma lokacin da aka gama huda shi a 1979 babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi tsawo a duniya. Mintuna kaɗan muka yi a cikin duhu. Da muka fito wajen Echigo-Yuzawa, rana ta ɓace, sama ta yi toka-toka ta sauko ƙasa, dusar ƙanƙara tana zuba ba ƙaƙƙautawa, rufin gidaje duk sun sha farin kaya. A gefen layin dogo famfuna ne jere suna fesa ruwan ɗumi don kada titin jirgin ya binne. Iskar da ta tsaga mini leɓe a Tokyo ita ce dai wannan, sai dai a nan ba ta riga ta sauke ruwan da ta ɗauko ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Urasa shi ne ƙarar ruwa. A tsakiyar kwalta an binne bututu, yana da ƙananan kafofi a jere, ruwa yana tsirtowa daga cikinsu dare da rana muddin ana zuba. Ruwan rijiyar burtsatse ne, wanda ko a tsakiyar hunturu ɗuminsa yana wajen digiri 13, kuma wannan ya isa ya narkar da abin da ya sauka a titi. A birnin Nagaoka na wannan lardi aka fara shimfiɗa irin wannan bututu a titin gwamnati, a 1961. Ruwan yana da ƙarfe a cikinsa, shi ya sa kwaltar garuruwan ta yi launin tsatsa. Dabarar tana da nata kuɗin: a Muikamachi, maƙwabciyar Urasa, yawan zuƙo ruwan ya sa ƙasa ta riƙa lotsawa har sai da hukuma ta sa doka a kan haƙa rijiyoyi. Gidaje da yawa an ɗora su a kan bene na kankare, ƙasan gareji ne da ma'ajiya, mutane suna zaune a sama inda haske zai iya shiga. Danjar kan titi ma a tsaye aka kafa ta, ja a sama kore a ƙasa, don kada dusa ta sami faɗin da za ta taru.

Mai gidan da ƙanena yake haya dattijo ne da ya haura saba'in. Bayan na idar da sallar Asuba na leƙa ta taga, sai na hango shi da fitila a goshi yana tura wani babban shebur mai kama da amalanke marar taya, yana buɗe hanyar ƙofa. Na sa dogon takalmin roba na fita in kama masa. Dusar Niigata jiƙaƙƙiya ce, tana da nauyi, tana manne wa shebur. Kafin mu kai bakin titi gumi ya jiƙa mini riga ta ciki, alhali yatsuna sun ƙage.

Ƙanena ya fito yana yi mana tafinta. Ya ce, "Oya-san, yayana yana tambaya yaushe ake hawa rufi."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi saman gidan, ya ce idan ƙofofin cikin gida masu zamewa suka fara yin tauri, to katakon rufi ya fara lanƙwasa, kada a ƙara kwana. Lissafin da ake yi a yankin shi ne, dusar da ta kwanta ta danne har mita ɗaya tana da nauyin kilo 300 a kan kowace murabba'in mita. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100 yana ɗauke da tan 30 ke nan. Dole a hau da tsani a yanka ta gunduwa-gunduwa a turo ƙasa, sannan a sauko a haƙe wadda aka turo don kada ta toshe tagogi. A hunturun 2005 zuwa 2006 mutum 152 suka rasu a Japan sanadin dusar ƙanƙara. Mafi yawansu a wajen wannan aiki suka rasu, wasu sun faɗo daga rufi, wasu tulin ya zamo ya danne su, kuma akasarinsu sun haura shekara 65. A Fabrairun 2006 ɗin an auna santimita 416 a kwance a garin Tsunan, da ke bayan tsaunukan yamma da mu. Na dubi dattijon nan, 'ya'yansa duk suna aiki a Tokyo, na ji abin ya taɓa ni ƙwarai. Wanda ya zo yawon buɗe ido zai ga kyau, kuma akwai kyan. Amma mutumin garin, kowace safiya da aikin ƙarfi take fara masa, wata uku ko huɗu a jere.

Babbar hanyar Kan-Etsu, wadda ta haɗa Tokyo da Niigata, ta kusa da garin ta wuce. A tsakiyar Disambar 2020 motoci kimanin 2,100 suka maƙale a kanta a wannan yanki, wasu direbobin suka yi sama da kwana biyu a cikin mota, sai da aka turo sojoji suka haƙo su da shebur.

Da daddare muna shan shayi aka sa hasashen yanayi a talabijin, aka nuno hoton da tauraron ɗan'adam na Himawari ya ɗauko daga sama. A nan na ga abin da ya sa na ce lallai sai mun je bakin teku. Daga gaɓar Rasha da Koriya akwai wani siririn fili baƙi, babu girgije ko ɗaya. Daga nan sai fararen layuka su fara, sirara, ɗaruruwa, a jere kusa da juna, duk sun miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa da garmar shanu. Suna nisa da gaɓa suna ƙara kauri, har su zo su daki Japan. A ɗaya ɓangaren tsibirin, wajen Tokyo, fili ne fes.

Ga yadda abin yake faruwa. A hunturu iska tana taruwa a kan Siberiya, inda dare yake da tsawo kuma ƙasa a rufe take da ƙanƙara. Takan yi sanyin digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili, ta yi nauyi, kuma a bushe take ƙarƙaf domin iska mai irin wannan sanyi ba ta iya riƙe tururi. Idan ta cika sai ta kwararo ta nufi kudu maso gabas, ta faɗa kan Tekun Japan. Shi kuwa wannan teku, duk da mutum ba zai jure daɗewa a cikinsa ba, a wurin waccan iska ruwan ɗumi ne. Akwai wata magudanar ruwa mai ɗumi da ake kira Tsushima, reshe ce ta wata babbar magudana mai suna Kuroshio, tana shigowa ta mashigin da ke tsakanin Koriya da Japan ta bi gaɓar Japan ta yi arewa. Ita take riƙe ruwan gaɓar Niigata a sama da digiri 10 a tsakiyar Janairu. Masana yanayi suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: idan bambancin zafi tsakanin fuskar ruwa da iskar da ke tsayin mita 1,500 ya kai digiri 13, girgijen dusa zai iya tashi. A Tekun Japan, idan sanyin Siberiya ya sauko da ƙarfinsa, bambancin yakan haura 20.

To sai tekun ya riƙa ɗumama ƙasan iskar yana ɗura mata tururi. Iskar da ta ɗumama ta fi ta samanta sauƙi, sai ta tashi. Tana hawa tana hucewa, tururin ya koma ɗigo da ƙwayoyin ƙanƙara, kuma wannan komawar ma tana sakin zafi da ke ƙara tura ta sama. Sai dai ba ta zarcewa. A tsayin kilomita 2 zuwa 3 akwai wani shimfiɗin iska busasshe da ke zaune a kai, shi yake tare ta, shi ya sa gizagizan dusa gajeru ne idan aka gwada su da hadarin damina da ke kaiwa kilomita 10 da ɗoriya. Gajeru ne, amma hanyarsu doguwa ce. Daga Vladivostok zuwa Niigata kimanin kilomita 800 ne, kuma duk tsawon wannan tafiya iskar tana sha. Siririn filin nan baƙi da ke gefen Rasha shi ne tazarar da take buƙata kafin ta sha abin da zai isa ya zama girgije. Masu hasashe suna duban faɗinsa: idan ya tsuke, sanyin da ke tafe mai tsanani ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin layukan. Iska ba za ta tashi a ko'ina lokaci guda ba. Duk inda wata ta hau, dole wata ta sauko a gefenta ta cike gurbin. Da babu guguwa, wannan hawa da sauka zai watsu ne dunƙule-dunƙule. Amma iskar tana gudu, kuma ta sama ta fi ta kusa da ruwa gudu, sai ta ja juyin ta miƙar da shi ya zama dogayen naɗi a kwance, suna bin inda iskar ta nufa, kowane biyu da ke maƙwabtaka suna juyawa saɓanin juna. Inda gefensu ya haɗu suna hawa, nan girgije yake yin layi. Inda suka haɗu suna sauka, iskar tana bushewa, sama ta buɗe. Kusa da Rasha tazarar layi da layi 'yan kilomitoci ne. Suna matsowa Japan suna faɗaɗa, wasu su haɗe, wasu su kakkarye.

Na sha zana wannan a allo da alli. Na ce wa ƙanena ina son in tsaya a inda layin yake taka ƙasa.

Muka hau ƙaramin jirgi zuwa Muikamachi, muka canza zuwa layin Hokuhoku wanda ya yanki tsaunuka ya nufi teku. Rabin tafiyar ko fiye a cikin rami ake yin ta, sai jirgin ya leƙo ya nuna maka ƙauye a binne ya sake shigewa. A wajen Tokamachi na ga gonakin shinkafa babu ko alamar iyakarsu. Ƙanena ya tuna mini cewa shinkafar Koshihikari ta yankin Uonuma, wadda ta fi kowace suna da tsada a Japan, da ruwan wannan dusa ake noma ta idan ta narke a bazara. Suna kuma tara dusar a manyan rumbuna su ajiye shinkafa da kayan lambu a ciki har rani. Masaƙan yankin ma suna shimfiɗa yadinsu na Echigo-jofu a kan dusa a rana don ya yi fari, sana'ar da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2009. Mutanen nan sun san amfanin abin da yake wahalar da su.

Muna gangarowa fili sai tulin ya fara raguwa. Da muka isa Naoetsu, garin tashar jiragen ruwa, har ana ganin baƙar kwalta da ciyawa a wasu wurare. Muka taka zuwa bakin ruwa. Ban taɓa jin iska irin wannan ba, sai da na juya mata baya kafin in iya numfashi sosai. Tekun ya yi launin dalma, igiyoyinsa suna dukan tubalan kankaren da aka jibge a gaɓa, kumfa yana tashi yana tsallake titi. Amma sama a buɗe take a kanmu, har da ɗan shuɗi. Ta hannun hagu kuwa, can cikin teku, wani baƙin girgije ne ya miƙe daga inda ido ya ƙare har zuwa ƙasa, labulen dusa yana rataye a ƙarƙashinsa. Ta hannun dama ma akwai wani, ya fi nisa. Mu muna tsakani, a inda iskar take sauka.

Muna tsaye na hagun ya karkato. Haske ya dushe, aka yi walƙiya, aka yi tsawa guda mai ƙarfi, sai wasu fararen ƙwayoyi masu taushi suka fara dukan fuska suna tsalle a ƙasa. Arare suke ce musu, ƙwayar dusa ce da ɗigon ruwa ya daskare a jikinta tun a cikin girgije. Bayansu dusar kanta ta sauko a kwance, har na daina ganin ƙanena sosai alhali hannuna yana kan kafaɗarsa. Muka laluba muka fake a jikin wani ɗakin ajiyar masunta. Ba a jima ba abin ya wuce, rana ta leƙo, titin da muka taka baƙi ya zama fari. Na ce Allahu Akbar a fili. Ruwan da ke narkewa a kan hannun rigata, sa'o'i kaɗan da suka wuce a cikin tekun nan yake.

Tsawa a tsakiyar hunturu ba baƙon abu ba ce a wannan gaɓa. Birnin Kanazawa, da ke kudu maso yamma da nan, ya fi kowane birni a Japan yawan ranakun tsawa, sama da 40 a shekara, kuma galibinsu a lokacin sanyi. Masuntan lardunan Toyama da Ishikawa suna ɗaukar tsawar farkon hunturu alamar zuwan kifin buri.

Muka shiga wani ƙaramin gidan abinci mu ɗumama jiki, aka kawo mana gasasshen kifi da shinkafa. Matar da ke wurin ta ga yadda muka jiƙe ta miƙo mana tawul. Ƙanena ya gaya mata daga Urasa muke, ya ce can an binne amma nan ba komai. Ta ce ai wannan makon na dutse ne. Mutanen yankin sun raba dusarsu gida biyu, yamayuki da satoyuki, ta dutse da ta gari. Idan iskar arewa maso yamma tana da ƙarfi, takan kwashi gizagizan ta wuce da su ta kan gaɓa da sauri, ta kai su ta haɗa da tsaunuka. Can dole su hau, suna hawa suna ƙara hucewa, sai su juye kayansu a Yuzawa da Tsunan da Urasa. Abin da ya tsallaka bayan tsaunin busasshiyar iska ce, wadda mutanen Gunma suke kira karakkaze. Idan kuwa iskar ƙasa ta lafa amma sanyi mai tsanani ya shigo can sama, gizagizan sukan yi tsawo tun suna kan teku, su zo a hankali su zube a filayen gaɓa, inda birane da manyan hanyoyi suke. Shi ya sa a talabijin ake yawan ambaton digiri 36 ƙasa da sifili a tsayin mita 5,000 da ɗoriya. Idan wannan sanyi ya sauko kan Hokuriku, wato yankin wannan gaɓa, kowa ya san ya shirya shebur.

Gaɓar kanta tana da hannu a ciki. Iskar da ta saba zamewa a kan ruwa, tana taka ƙasa gidaje da itatuwa da tuddai suke rage mata gudu, ta baya ta cim mata, sai a sami cunkoso, kuma cunkoson iska sama yake tafiya. Da daddare kuma iska mai sanyi takan gangaro daga ƙasar da dusa ta rufe ta nufi teku, ta yi karo da mai shigowa daidai bakin gaɓa, ta ɗaga ta. Tsibiri ma yana canza rabo. Birnin Niigata, babban birnin lardin, yana samun dusa kaɗan idan aka gwada shi da Nagaoka ko Joetsu (birnin da Naoetsu take cikinsa), kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsibirin Sado da ya tsaya masa a gaba yana tare masa gizagizai.

Duk waɗannan ƙananan layuka ne. Akwai babba, wanda shi ake tsoro. A kan iyakar Sin da Koriya ta Arewa akwai jerin tsaunuka, mafi tsawonsu Paektu, mita 2,744. Iskar Siberiya mai nauyi ba ta iya haye su gaba ɗaya, sai ta rabu biyu ta zagaye su. Rassan biyu suna sake haɗuwa a kan teku, ɗaya ta biyo ta kan zirin Koriya mai sanyi, ɗaya ta biyo ta kan ruwa, su yi karo a kan layi guda da kan kai tsawon kilomita 1,000. A kan wannan layi iska ba ta da wajen zuwa sai sama, saboda haka gizagizansa sun fi sauran tsawo da kauri nesa ba kusa ba, kuma ƙananan guguwoyi sukan ɓullo a jikinsa. Masanin yanayi Asai Tomio ya raɗa masa suna a 1988, kuma a yau da haruffa huɗu aka san shi, JPCZ, taƙaicen sunansa na Turanci, har masu karanta hasashe a talabijin haka suke faɗa. Bakinsa yakan sauka a gaɓa wani wuri tsakanin yankin San'in, da ke can kudu maso yamma, da Hokuriku. Idan yana kaɗawa arewa da kudu, kowa ya sami rabonsa kaɗan-kaɗan. Masifar ita ce ya tsaya cak a kan gari ɗaya. Haka ya yi wa birnin Fukui a Fabrairun 2018: dusa ta kai santimita 147 a cikin birnin, motoci kimanin 1,500 suka maƙale a babbar hanya mai lamba 8.

Ba Japan kaɗai ke da irin wannan ba. Birnin Buffalo na Amurka yana shan haka daga tafkin Erie, garin Gävle na Suwidin ya binne a Disambar 1998 da dusar da ta taso daga tekun Baltik, Istanbul ma takan samu daga Baƙin Teku. Sai dai tafkin Erie marar zurfi ne, a shekarun sanyi sosai yakan daskare, kuma da ƙanƙara ta rufe fuskar ruwa tururi ya yanke. Tekun Japan kuwa, ban da can ƙuryarsa ta arewa, ba ya daskarewa. Tun daga Disamba har Fabrairu a buɗe yake. Wannan ne ya sa kusan rabin faɗin ƙasar Japan yake cikin yankunan da dokar 1962 ta ware a matsayin masu fama da dusa mai yawa.

Daga Naoetsu muka hau jirgi zuwa Takada, tsohon garin sarauta, kimanin kilomita 7 kacal daga teku. A wannan 'yar tazara tulin gefen titi ya tashi daga idon sawu zuwa ƙugu. A bakin ruwa ɗumin teku yakan sa abin ya sauko rabi ruwa rabi dusa ya narke, amma da an ɗan shiga ciki digiri ɗaya ko biyu ya ragu, sai ya kwanta. A Fabrairun 1945 an auna santimita 377 a kwance a Takada. Mutanen garin suna ba da labarin wani hunturu a zamanin da, wai matafiya sun iso ba su ga gari ba sai wani allo da aka kafa a kan dusa, an rubuta cewa Takada tana ƙarƙashin nan.

Tsofaffin unguwannin garin gidaje ne a manne da juna, kuma kowane gida ya miƙo rufinsa ta gaba ya yi rumfa a kan hanyar ƙafa. Gangi ake kiran rumfunan, idan aka haɗa tsawonsu ya haura kilomita 10. Filin da ke ƙarƙashin kowace rumfa mallakar mai gidan ne, shi ya bar shi don jama'a su wuce, shi kuma yake gyara ta. Shi ya sa tsayinsu da daɓensu ba ɗaya ba ne, kana tafiya kana ɗan hawa kana ɗan sauka. Wannan tsari ya burge ni fiye da duk injinan da na gani. Amma a wurare da dama rumfar ta yanke, inda mai gida ya rasu ko ya ƙaura aka rushe gidan, sai ka fita cikin dusa ka taka kafin ka sake shiga inuwa.

A wani kantin kayan zaƙi muka tsaya, mai kantin ta ba mu labarin Janairun 2021, lokacin da babban layin ya tsaya a kansu. A cikin sa'o'i 24 santimita 103 suka zuba, cikin 'yan kwanaki tulin ya kai santimita 249. Motocin share hanya suka kasa, kantuna suka yi ƙarancin kaya, makarantu suka rufe. Da yake gidajen a manne suke, babu tsakar gidan da za a zubar da dusar rufi sai titi. Saboda haka hukumar birnin ta sa rana, aka rufe titunan unguwa, kowa ya hau rufinsa a lokaci ɗaya aka turo ƙasa har titi ya cika, sannan aka kawo katafila da tifofi suka yi kwanaki suna kwashewa. Ta ce abin da ya fi wuya shi ne samun wanda zai hau rufin gidajen tsofaffi da gidajen da babu kowa, domin idan ɗaya ya rufta zai ja na maƙwabci.

Na tambaye ta, ta bakin ƙanena, ko dusar tana raguwa da shekaru. Ta ce hunturu da yawa yanzu ba a ma hawa rufi, sai kuma shekara ɗaya ta zo ta sauke na wata guda a dare biyu. Abin da ta lura da shi ya dace da abin da masu bincike suke faɗa. Tekun Japan yana cikin tekunan da suka fi saurin ɗumama. A filayen gaɓa wannan yana nufin ruwan sama zai riƙa maye gurbin dusa, jimillar shekara ta ragu. Amma teku mai ɗumi tururinsa ya fi yawa, don haka ranar da sanyin Siberiya ya sauko da gaske, abin da layin zai ɗauko ya fi na da. A ganina wannan ya fi haɗari, domin garin da ya yi shekaru bai ga babbar dusa ba yakan rage motocin share hanya, matasan da suka iya aikin rufi su ragu, direbobi su yi sakaci da taya.

Muna cikin kantin wayar ƙanena ta yi ƙara. Hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi cewa layin karon zai gangaro kan Joetsu, birnin da Takada ma take cikinsa, cikin dare. Ya ce, "Yaya, mu kama jirgin yamma, gobe ba lallai ya tashi ba." Muka yi sallama da matar muka bi ta ƙarƙashin rumfunan zuwa tasha. A allon tashar an riga an rubuta jiragen safe da aka soke, tun dusar ba ta fara ba. Haka ake yi wa hanyoyin mota ma tun bayan abin da ya faru a Kan-Etsu da Fukui: idan hasashe ya nuna layin zai tsaya a wuri, sai a sanar tun da wuri, a rufe babbar hanya tare da titin gwamnati da ke gefenta a lokaci ɗaya, a hana tireloli shiga har sai motocin share hanya sun gama aikinsu.